Rurum da kujerar kakakin majalisar Kano: hawa biyu, murabus ɗaya, da masarautar da aka yi cikin kwana uku

Yawancin mutanen Kano in ka tare su a hanya ka ce su faɗa maka sunan ɗan majalisarsu na jiha sai sun ɗan yi tunani, wani ma na tarayya zai kira maka ko sanata. Amma akwai 'yan tsiraru da ko ba daga mazaɓarku suka fito ba ka san su, kuma Kabiru Alhassan Rurum na cikinsu. Shi ne ya hau kujerar kakakin majalisar dokokin Kano a 2015, ya sauka a 2017, ya sake komawa a 2018, kuma a hannunsa aka yi dokar da ta raba masarautar Kano gida biyar a 2019. A ɗan tsakanin nan duk abin da kujerar majalisar jiha za ta iya ba mutum ta ba shi, shi ya sa nake ganin in mutum na son ya gane yadda wannan aikin yake tafiya a zahiri to ya bi sawun wannan bawan Allah.

Majalisar Kano mutum 40 ne, duk da ƙananan hukumomin jihar 44 ne. Dalili shi ne sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada majalisar jiha ta gaza mutum 24 kada kuma ta wuce 40, toh dole aka haɗe wasu biyu-biyu, Bagwai da Shanono kujera ɗaya, haka Rimin Gado da Tofa, Kura da Garun Malam, Tsanyawa da Kunchi (wadda yanzu ake kira Ghari). Rano kam, mazaɓar Rurum, kujerarta ita kaɗai ce. Rurum kuma gari ne a cikin ƙaramar hukumar Rano can wajen dam ɗin Tiga, sunan garin ne ya bi shi kamar yadda aka saba a siyasar Kano, Kwankwaso, Ganduje, Gwarzo, Garo, duk sunan gari ne. Riƙe lambar nan 40 a ranka, saboda sashe na 92 ya ce ba a tsige kakaki sai da kashi biyu cikin uku na mambobi, wato mutum 27. Duk siyasar cikin zauren nan da ke Sakatariyar Audu Bako a kan wannan 27 ɗin take juyawa, wa ke da su yau, wa zai iya ɓalle masa uku ko huɗu kafin gari ya waye.

A takarda aikin ɗan majalisar jiha yin doka ne da duba kasafin kuɗi da sa ido kan ma'aikatu. A ƙofar gidansa kuma aikin daban ne. Tun bayan sallar asuba an cika benci, wannan da takardar magani daga asibiti, wancan da katin ɗaurin aure, wata an koro yaranta kan kuɗin jarrabawa, ga matasan mazaɓa sun zo a ce taransifomarsu ta ƙone wata na uku kenan, ga ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa shi ma babur ɗinsa ya kwanta. Babu wanda zai tambaye shi wane ƙudiri ya kawo. Kuma kuɗin da zai kashe wannan wutar ba a aljihun majalisa yake ba, a gidan gwamnati yake, aikin mazaɓa sai gwamna ya saki, motar hawa sai gwamna ya saya, tikitin komawa ma sai jagora ya ɗaga hannunka. Abin dariya ma, a gyaran tsarin mulki na 2010 da aka kawo maganar a ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu kai tsaye, su da kansu suka kasa haɗa adadin jihohin da ake buƙata, abin ya faɗi, sai a 2018 Buhari ya sa hannu kan gyaran, shi ɗin ma aiwatarwa ta zama wani dogon labari. Kaga kuwa mutumin da cefanensa ke hannun wani ba zai ɗaga masa murya sosai ba.

Rurum ya shigo majalisar ne a zangon Kwankwaso na biyu, lokacin jar hula na tashe. A 2015 guguwar Buhari ta kwashe komai a Kano, APC ta cinye kujerun majalisar, Ganduje ya gaji ubangidansa, Rurum ya zama kakaki. Ba a yi shekara ba aka ɓata. Ta'aziyyar mahaifiyar Ganduje a watan Maris na 2016 ita ce ta fito da ɓarakar fili, daga nan kowa sai ya zaɓi gida, Kwankwasiyya ko Gandujiyya. Mafi yawan 'yan majalisa har da kakakinsu suka tsaya wajen mai riƙe da gwamnati, jajayen huluna suka fara ɓacewa daga zauren, aka bar mutum shida da suka ƙi sakin Kwankwaso, su ne daga baya a 2018 suka bi shi PDP. Wasu na kiran abin butulci. Ni dai a ganina lissafi ne kawai, Kwankwaso ya tafi majalisar dattawa a Abuja, mai sa hannu a fayil kuma yana nan Kano.

Jarrabawar farko ta zo a 2017. Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya soki shirin ciyo bashi daga Chana don yin jirgin ƙasa na cikin gari, a bainar jama'a kuma, abin ya yi wa gwamnati zafi. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Muhuyi Magaji Rimin Gado ta fara binciken kuɗin masarauta, sai kuma a watan Mayu majalisa ita ma ta kafa kwamiti bayan ɗan majalisa Ibrahim Gama na Nasarawa ya kawo ƙorafi, zarge-zargen har da kashe kuɗin masarauta ba bisa ƙa'ida ba, da tsoma baki a siyasa, da tura 'yarsa ta wakilce shi a wani taro a Abuja. Kowa ya san inda aka dosa. Sai manya suka shigo, Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa a lokacin don Buhari na Landan wajen magani, da Babangida da Abdulsalami da Sarkin Musulmi da Aminu Dantata da Aliko Dangote, Ganduje ya rubuto wa majalisa wasiƙa yana roƙon a dakata, aka karanta a zaure, aka dakata. Majalisa ce ta buɗe binciken da sunanta, wasiƙar gwamna ce ta rufe shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka a hannun wa linzamin yake.

Ba a jima ba jaridar Daily Nigerian ta intanet ta buga labarin zargin wai an ba kakakin naira miliyan 100 daga wajen Dangote don a kashe maganar. Rurum ya musanta, ɓangaren Dangote ma ya musanta. Amma cikin gida ya riga ya ɗau zafi, an fara zagayawa da takarda ana karɓar sa hannu, kuma ranar 3 ga Yulin 2017 mataimakinsa Hamisu Chidari ya karanta wasiƙar murabus ɗinsa, ya ce ya sauka ne don ya kare mutuncinsa a kuma samu damar yin bincike. Aka zaɓi shugaban masu rinjaye Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya maye gurbinsa.

A nan ne nake ganin gwanintar mutumin take. Da yawa in suka ji ana tara sa hannu sai su tsaya kai da fata, a rufe majalisa, a kawo 'yan sanda, a gudu da sandar majalisa, ƙarshe a tsige su da tsiya kuma shikenan an rufe babinsu. Shi sai ya sauka da ƙafarsa kafin a ture shi, ya koma kujerar mamba ya zauna cikin mutanen nan dai da suka juya masa baya, ana shan shayi tare ana zuwa ɗaurin auren 'ya'yan juna, yana jira. Wanda aka tsige ya zama abokin gaba, dole waɗanda suka sa hannu su ci gaba da kare abin da suka yi. Wanda ya yi murabus kuwa bai bar wa kowa wannan nauyin ba, gobe in an gaji da sabon ana iya dawowa gare shi ba tare da an ji kunya ba. Haka kuwa aka yi. Zuwa Mayun 2018 an fara yunƙurin cire Ata har sai da 'yan sanda suka rufe majalisar, aka yi sulhu na ɗan lokaci, ranar 30 ga Yulin 2018 kuma aka tsige shi, Rurum ya koma kujerarsa bayan shekara ɗaya da 'yan makonni. (Ata ma bai ɓace ba, Tinubu ya ba shi ƙaramin ministan gidaje a Oktoban 2024, siyasar Kano ba a yi wa kowa jana'iza da wuri.)

Wata uku da komawarsa sai ga bidiyon dala. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar, mai jaridar nan dai da ta buga labarin miliyan 100, ya saki faifan da ke nuna wani da aka ce Ganduje ne yana karɓar bandir-bandir na dala yana zubawa a aljihun babbar riga. Ganduje ya ce ƙarya ce, haɗa hoton aka yi. Majalisa ta kafa kwamitin mutum bakwai ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan Agundi, kuma wanda ya ga ranar da Jaafar ya bayyana gaban kwamitin ba zai manta ba, ya shigo da Alƙur'ani rataye a jikinsa, jami'an tsaro ta ko'ina, 'yan jarida sun cika wajen, gari gaba ɗaya an kasa kunne a rediyo. Da aka gayyaci gwamna bai zo ba, kwamishinan yaɗa labarai Muhammad Garba ya turo. Daga nan wata ƙungiyar lauyoyi ta garzaya kotu, a watan Disamba babbar kotun jiha ta ce majalisa ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan, aikin 'yan sanda ne da EFCC da ICPC. Magana ta mutu a nan. Sashe na 188 ya ba majalisa ikon tsige gwamna kan babban laifi, amma wa zai ɗauko wannan wata biyu kafin zaɓe, alhali sunansa na kan tikitin jam'iyyar da gwamnan ke riƙe da ita? Rurum kansa a lokacin takarar majalisar wakilai yake yi ta Rano da Bunkure da Kibiya a APC.

Sai zaɓen gwamna na 2019, aka ce bai kammalu ba, wato inkonkulusib, bayan rigimar mazaɓar Gama, zagaye na biyu ranar 23 ga Maris, aka ce Ganduje ya ci. Mutanen gwamna suka riƙe a ransu cewa Sarki Sanusi ya yi wa abokin takararsu Abba Kabir Yusuf na Kwankwasiyya aiki. Majalisar Rurum saura mata 'yan makonni ta tashi, shi ya riga ya ci kujerar Abuja, wasu mambobin kuma sun faɗi zaɓe ba abin da za su rasa. Ranar Litinin 6 ga Mayu aka karanta wata takardar koke daga wani ofishin lauyoyi na neman a ƙirƙiro sabbin masarautu, Talata kwamiti ya kawo rahoto, Laraba 8 ga wata aka yi karatu na ƙarshe aka amince, a ranar Ganduje ya sa hannu. Kwana uku. Masarautar Kano ta koma biyar, Kano da Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano. Babu wani zaman jin ra'ayin jama'a na kirki, ina ma lokacin yake. A makon nan dai majalisar ta amince da wani ƙudirin na ba kakaki da mataimakinsa fansho har ƙarshen rayuwa da sabuwar mota duk shekara huɗu da fita waje duba lafiya, da sharaɗin ba tsige mutum aka yi ba, sai ka tuna wa aka tsige wa kuma ya yi murabus. Mutane suka yi ca a kai, amma hayaniyar masarautu ta danne wannan.

'Yan birni har gobe kallon da suke wa dokar nan shi ne bi-ta-da-ƙulli, an yi ta ne don a karya Sanusi, majalisa kuma ta zama 'yar amshin shata. Akwai gaskiya a ciki, wanda ya ce babu yana yaudarar kansa ne. Amma in ka je Rano ka faɗi haka za a kalle ka wani iri. Rano na cikin Hausa Bakwai, sarkinta Autan Bawo ake masa kirari, kuma sun daɗe suna ganin an mayar da su hakimai a ƙarƙashin waɗanda a tarihi 'yan'uwa ne ba iyayen gida ba. Ba yau aka fara ba, Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajarsu tare da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Auyo a 1981, a rigimar da ta kai ga tarzomar watan Yuli da kisan Dakta Bala Muhammad, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya soke. Toh Rurum ɗan Rano ne, kuma yana riƙe da sarautar Turakin Rano. Fushin gwamna da tsohon burin garinsu suka haɗu a kan teburinsa a lokacin da guduma ke hannunsa, shi kuma bai yi sanya ba. Tafida Abubakar Ila ya zama sarki mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi 10, har da Sumaila da Tudun Wada da Doguwa da Kura. Hakiman da da can suke loda dawakai a mota su kai birni hawan sallah yanzu Rano za su nufa, masu sayar da abinci da masu ɗinkin kayan doki da maroƙa na garin duk suka shaida an samu canji, gwamnati kuma ta yi alƙawarin ɗaga asibitocin hedikwatar sabbin masarautun zuwa masu gado 400. Wanda ke zaune a Rano wannan ya gani, bai damu da wa aka so a ƙuntata wa a fadar Kano ba.

Sai dai gaggawar ta zo da kuɗinta. Masu naɗa sarkin Kano huɗu, Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Bai, suka wayi gari garuruwansu na Dawakin Tofa da Wudil da Gabasawa da Ɗambatta sun faɗa ƙarƙashin wasu sarakunan, suka tafi kotu. Rabi'u Saleh Gwarzo, ɗaya daga cikin shidan nan na Kwankwasiyya a majalisar, shi ma ya shigar da tasa ƙarar. Ranar 21 ga Nuwamban 2019 Mai Shari'a Usman Na'abba ya rushe dokar, hujjarsa kuma ba ta tarihi ko al'ada ba ce, hanya ce ba a bi ba, majalisa ta gina doka a kan koken wani daga waje ba bisa ƙa'idarta ba. Wato aikin da majalisa ta fi kowa sanin yadda ake yinsa shi aka tsallake. Gyaran bai ɗau lokaci ba, gwamna ya aiko da ƙudirin daga ofishinsa, sabuwar majalisa ƙarƙashin Abdul'aziz Garba Gafasa ta amince ranar 5 ga Disamba aka sa hannu. Ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke Sanusi aka kai shi jihar Nasarawa, Aminu Ado Bayero ya taso daga Bichi ya hau gadon Kano. A lokacin Rurum yana Abuja.

Zaman nasa da Ganduje ma bai kai ƙarshe ba. A Mayun 2022 da aka tsayar da Nasiru Gawuna takarar gwamna da Murtala Sule Garo mataimaki, ɗaya daga Kano ta Tsakiya ɗaya daga ta Arewa, 'yan Kano ta Kudu mai ƙananan hukumomi 16 suka ce an sake barinsu a baya. Rurum ya fice zuwa NNPP a guguwar da ta kwashi su Kawu Sumaila da Abdulmumin Kofa, ya koma inuwar Kwankwason da ya bari shekara shida baya, ya kuma ci zaɓen 2023 da kayan marmari, alamar NNPP. A majalisar jiha NNPP ta samu kujera 26, APC 14.

Abin da ya biyo baya kusan kowa ya hango shi, don Kwankwaso bai ɓoye ba tun lokacin kamfen cewa za a sake duba maganar masarautu. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ƙarƙashin Jibrin Isma'il Falgore ta soke dokar 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka rushe masarautun biyar aka dawo da Sanusi. Saurin da aka yi wajen ginawa shi aka yi wajen rushewa, kuma waɗanda suka yi kukan ba a ji ra'ayin jama'a ba a 2019 su ma ba su tsaya jin na kowa ba, 'yan wancan ɓangaren kuma da suka yi tafi a 2019 su ne yanzu ke maganar bin ƙa'ida. Zaure ɗaya, sanda ɗaya, wasu mambobin ma sun ga duka biyun da idonsu. Abin da ya canza mai zama a gidan gwamnati ne kawai. Rurum kuma ya tsinci kansa a wani irin matsayi, jam'iyyar da ya taimaka ta ci Kano ta Kudu ita ce ta goge babban abin da za a tuna shi da shi a garinsu.

A watan Yulin 2024 aka yi wata dokar ta masarautu masu daraja ta biyu, Rano da Gaya da Ƙaraye, duk a ƙarƙashin Sarkin Kano, Bichi ko wannan ba ta samu ba. Rano daga ƙananan hukumomi 10 ta dawo 3, Rano da Bunkure da Kibiya, daidai iyakar mazaɓar Rurum ta tarayya, aka kuma naɗa sabon sarki Muhammad Isa Umaru maimakon Kabiru Muhammad Inuwa da ya gaji Tafida a 2020. Kafin ƙarshen shekarar Rurum da Aliyu Sani Madakin Gini na Dala suka fito suka ce sun bar Kwankwasiyya, a Fabrairun 2025 NNPP ta Kano ta ce ta dakatar da su tare da Kawu Sumaila da Abdullahi Sani Rogo, a watan Mayu kuma aka karanta wasiƙar komawarsa APC a zauren majalisar wakilai, lokacin Ganduje ne shugaban jam'iyyar na ƙasa.